Luguden Maman Ladi a Faifan Yaran Salford

Ku da kuke zaune a Fallowfield da laptop a cinya, kuna cewa haɗa sauti danne-danne ne kawai, ku ɗan matso. Shekaranjiya ɗayanku ya ce mini a bas ɗin Oxford Road wai shi zai iya haɗa album guda a ƙarshen mako, tsakanin essay biyu. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ban yi masa gardama ba, don ni ma na taɓa zama ɗan shekara ashirin da biyu, kuma a lokacin na fi shi baki.

Sunana Isa, mutumin Zariya. Aikina shi ne in zauna bayan gilashi, wasu su yi kiɗa da waƙa, ni kuma in tabbatar abin da ya fito daga hannunsu ya isa kunnen mutane bai lalace a hanya ba.

Aikin farko da aka ba ni a wani gidan rediyo a Kaduna naɗe waya ne. Maigidana Malam Tanko, Allah ya jiƙansa, ya sa na shekara ina naɗe waya ina warwarewa kafin ya bar ni na taɓa tef. Ranar da ya yarda, hira ce ya miƙo mini da wani sarkin noma, dattijo mai tari. Duk jimla biyu sai ya yi tari. Malam ya ba ni reza da farin fensir ya ce in cire tarin. Yadda ake yi, ka juya tef da hannu a hankali har ka ji inda tarin ya fara, ka yi alama, ka nemo inda ya ƙare, ka yanke, ka liƙe. Na yini ina yi. Da na gama na tattara guntayen zan zuba a kwandon shara, sai ya riƙe hannuna.

"Ina za ka kai su?"

"Tari ne, Malam."

"Na san tari ne. In ka yanke da rabin kalmar mutum a ciki fa, a shara za ka nemo ta? Sa a gwangwani."

Tun ranar ban ƙara jefar da abin da makirufo ya ɗauka ba. Wannan abin da kuke kira sampling, kuna ganin kamar ku kuka ƙirƙiro shi, reza ce da gwangwanin Malam Tanko. Kwamfuta dai ba ta yanka wa mutum yatsa, shi ke nan bambancin.

Daga Kaduna na yi Legas, na yi Yamai, na yi Alƙahira inda na koyi yadda ake ɗaukar muryar mutum ɗaya ana tsakiyar hon ɗin mota dubu. Na yi Hamburg shekara uku, abin da na samu a can ciwon gwiwa ne da zuwa aiki a kan lokaci. Daga ƙarshe Manchester ta riƙe ni. Studio ɗinmu yana Salford, a ƙasan wani tsohon sito mallakar council, wato ƙaramar hukuma. Ɗaki ne marar taga, an lulluɓe bangonsa da soso, in ka rufe ƙofa ko bindiga aka harba a ciki na waje ba zai ji ba. Da rana ina koya wa matasan unguwa, in babu aji kuma a yi haya. Na ɗauki mawaƙan coci, na ɗauki mawaƙan bikin 'yan Pakistan, har da wani tsoho ɗan Ireland da ya zo ya rera waƙar da yake so a sa ranar jana'izarsa, wai bai yarda da muryar 'ya'yansa ba.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Ku ba ku san su ba, kuna firamare. Gwamnati ta matse council, council ta matse mu. Aka fara da rufe ajin matasa. Laburaren da ke kusa da mu ya koma buɗewa kwana uku a mako. Cocin da ke zuwa duk wata suka sayi makirufo ɗaya suka ce ɗan pasto zai riƙa yi musu da waya. A shekarar da ta fi muni, kwastoman da suka rage mini na gaske su huɗu ne, kuma tare suke zuwa: wasu yaran Salford masu kiɗan rock, irin wanda ake cewa alternative, wato dai jita da ganga da ƙorafi. Mai waƙarsu Callum, siriri kamar sandar rake. Mai jitar bass ɗinsu Pete, shi kuma in ya shigo ɗakin sai ya cika. Album ɗinsu na farko ni na haɗa, ya samu masoya ba laifi, irin masoyan da ke haddace komai har da launin rigar da aka sa a hoto.

Kafin in je ga album na biyu sai na gaya muku labarin Maman Ladi.

Maƙwabciyata ce a Levenshulme, 'yar Filato, shugabar zumuntar mata a cocinsu. 'Yarta Ladi nas ce, a nan ta girma, Hausarta da turancin Manchester a cakuɗe suke. Maman Ladi ta zo ƙasar nan da turmi da taɓarya biyu, na gaske, ba irin ƙananan nan na ado ba. Matsalar ita ce gidajen Levenshulme bango ɗaya suke rabawa. Ta sauke taɓarya sau uku, na kusa ya buga bango. Ta koma bayan gida, aka kai ƙara council, aka aiko mata da takarda. Wata safiya na same ta a bakin ƙofa fuska a ɗaure.

"Mama, lafiya?"

"Ina lafiya, Malam Isa? Ƙasa ce wannan? Kare ya yi haushi ba a rubuta takarda, mace ta daka yaji a rubuta."

"Blender fa?"

Ta dube ni kamar na zagi iyayenta. "Kai da nake ganin ka da hankali."

Sai na tuna ina da ɗakin da babu wanda zai ji ta. Daga nan duk Talata da safe, lokacin da babu kowa, nake ɗauko ta da turminta a mota. Ranar da Ladi ba ta aiki sai su zo tare su yi lugude. Na ga wasunku sun ɗaga gira, to lugude shi ne mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, har a cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Kakanninku sun sani.

Wata Talata yaran suka zo da wuri, abin da ba su taɓa yi ba. Na riga na jera makirufo don gangarsu, kuma ɗabi'ata ce in kunna na'ura tun kafin a fara. Suka buɗe ƙofa suka tarar da uwa da 'ya suna ta yi: dum, dum, tafi, dum. Callum ya tsaya cak. Pete kuwa ya shigo da ƙarfinsa ya ja numfashi. Ɗaki marar taga, an yi rabin awa ana dakan barkono da citta da ƙuli-ƙuli. Ya yi wata atishawa da ta kaɗa allurar mixer har ja. Ya ƙara, ya ƙara. Muka fito da shi waje yana hawaye. Maman Ladi ko kallonsa ba ta yi ba, don in ka ɗauke ido a lugude hannunka ne a ciki.

Da uwa da 'ya suka tafi, Callum ya ce in mayar masa abin da na'ura ta ɗauka. Ya saurara sau uku, ya ɗauki jita ya fara bi. Kafin azahar waƙa ta huɗu a album ɗin ta tsaya da ƙafarta.

Na je na sami Maman Ladi, don ba a ɗaukar sautin mutum a sayar bai sani ba. Wannan ma ku rubuta. Ta ce in nuna mata hoton yaran. Na nuna. Ta daɗe tana kallon zanen da ke hannun Pete.

"Wannan jikinsa ne ko bangon tasha?"

"Yaran kirki ne, Mama."

"Ban ce ba. Amma ni ce ke tsayawa gaban mata ranar Alhamis ina cewa su kula da abin da 'ya'yansu ke saurare. In aka ji ni a faifan masu ƙoƙon kan mutum a riga, da wane baki zan ƙara magana? Ku sa in kuna so, na ba ku. Amma sunana kada ya fita. Ko da wasa."

Na ce na yi alkawari. Yaran ma suka yi. Haƙƙinta aka rubuta da sunan Ladi a takardar da ba mai gani.

Yanzu ga aikin. Turmi ba ganga ba ne. Sautinsa biyu ne, akwai na ƙasa da ke bi ta daɓe, akwai na baki inda itace ke haɗuwa da abin da ake daka. Kuma abin da ke ciki shi ke ba da murya: da farko yana ƙaras-ƙaras, in ya fara laushi sai ya koma dum mai taushi. Na yi sa'a makirufon da na aje don babbar ganga yana ƙasa kusa da gindin turmin, na sama kuma ya kama tafin. Na kwana uku ina share ƙarar firij da ke biyo daɓe daga ɗakin kusa. Callum ya ce in yanko bugu takwas in riƙa maimaitawa, yadda kowa ke yi. Na auna dakan da kwamfuta, na ga babu buƙata. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu, ba su yi sauri ba, ba su ja baya ba. Na sa shi ɗungurungum, ban yanki ko'ina ba. Abu ɗaya na yanka: atishawar Pete ta biyu, wadda ta fi tsabta. Na rage mata kai da wutsiya, ta koma "tsh", na jera ta a kowane bugu na huɗu. Sauran waƙoƙin kuwa, gaskiya ne, mun sa synth a wasu, wannan akwati mai haƙora irin na piyano da ke ƙirƙiro sauti daga wutar lantarki. Ba mu ɓoye ba.

Album ya fita, masoya suka rabu biyu a intanet. Kashi ɗaya suka ce yaran sun girma, duniya ta ci gaba, wanda ba ya son synth ya koma kogo. Ɗaya kashin suka ce an ci amanarsu, su jita da ganga suka sani, gumin mutum suke so su ji. Abin mamaki, synth ɗin gaske da ke waƙa ta biyu da ta bakwai ba wanda ya damu da shi sosai. Duk faɗan a kan waƙa ta huɗu ya sauka. Masu so da masu ƙi sun yarda da abu ɗaya, cewa inji ne. Gardamarsu wane iri ne. Wani ya rantse injin ganga ne na Japan, tsohon yayi, yana da irinsa a gareji. Wani ya ce "tsh" ɗin nan ya san shi, a cikin wata manhaja yake, lamba kaza.

Shugaban masu ƙi wani ne Graham, direban bas a Birmingham. Mutumin nan ya san kiɗa, ba zan ƙwace masa ba. Ya auna waƙar bugu-bugu ya rubuta cewa babu ɗan adam da zai riƙe lokaci haka minti huɗu, saboda haka inji ne marar rai, kuma laifin ba na yaran ba ne, na injiniyan da ya cusa musu ne. Ya duba bayan faifai ya samo sunana. Daga ranar na zama "mutumin da ya kashe band ɗin".

Ni zagi bai dame ni ba, na yi aiki a Legas. Amma ƙaramin kamfanin da ke fitar musu da faifai a Birmingham yake, kuma masoyan can su ne masu sayen tikiti. Mai kamfanin ya kira Callum ya ce album na gaba a canja injiniya, a nemo mai "kayan gaske". Ya shirya zama da masoya a wani shagon faifai ranar Asabar da rana, a yi waƙa uku a amsa tambayoyi, a nan za a sanar. Ku tuna, su kaɗai suka rage mini.

Callum ya zo studio ya zauna a kan amplifier.

"Isa, ka faɗa musu kawai. Kalma ɗaya. Ko ka bar ni in faɗa."

"Maganar ba tawa ba ce, ba taka ba ce."

"To ka roƙe ta mana. Maƙwabciyarka ce."

"Shi ya sa ba zan roƙa ba."

Bai gane ba, kuma ban iya fassara masa ba. In na je na ce mata aikina na rawa, za ta ce to a faɗa, ko ranta bai so ba, don ina kai ta daka duk Talata. Wannan ba izini ba ne, kara ce. Ku da kuka taso a gida kun san abin da nake nufi. Na ci gaba da ɗauko ta ranar Talata muna hirar tsadar doya.

Ranar Asabar da safe muna loda kaya a van a ƙofar studio, sai ga motar Ladi. Maman Ladi ta fito da ɗaurin ɗankwalinta na zuwa coci, Ladi na biye da ita rungume da turmi.

"Malam Isa."

"Na'am, Mama. Yau ai ba Talata ba ce."

"Na san ranakun mako. Ashe ni inji ce?"

Na dubi Ladi. Ta ɗaga kafaɗa. "Sorry, Uncle. Ina karanta abin da suke rubutawa a intanet ina dariya, ta ce what's funny, sai na fassara mata. Ban san za ta yi kicking off ba."

"Marar rai," in ji Maman Ladi. "Ni. Tun ina 'yar shekara tara nake daka. Wani ƙato da bai taɓa riƙe taɓarya ba ya zauna a Birmingham ya ce Japan ce ta ƙera ni. Kai kuma ana cin mutuncinka wata biyu, ana shirin raba ka da aiki, kana ɗauko ni a mota kana mini zancen doya."

"Alkawari na yi, Mama."

"Na ji. Ka cika, Allah ya yi maka albarka. Yanzu matsa in shiga."

"Matan zumunta fa?"

"Za su yi magana mako biyu. Yajin wa suke ci?"

Haka muka hau babbar hanyar M6, yara uku masu zane a jiki sun takure a baya, ita a gaba tana gaya wa Pete ya rage gudu.

Shagon ƙarami ne, zaman a ɗakin ƙasa aka yi, mutum kamar sittin a tsaye. Mai shagon da ya ga an fito da ƙullin barkono ya zo da sauri ya ce don lafiyar jama'a ko za a iya bugawa babu komai a ciki, sautin kawai ake so. Ladi ta fassara. Maman Ladi ta ce ba a dakan turmi wofi, ba a yi a gidansu ba, ba za a fara a Birmingham ba. In ba a so ta koma mota. Ni kuma na ƙara masa da cewa turmi wofi ƙwas-ƙwas yake yi, ba zai yi kama da na faifai ba. Ya dubi Callum, ya dubi taron, ya je ya buɗe ƙofar baya.

Graham yana sahun gaba. Na gane shi tun kafin a nuna mini, mutum mai furfura da tabarau, ya harɗe hannu, ya zo da takarda a aljihun riga. Aka yi waƙa biyu. Sai Callum ya ce, "Kun tambaya wane inji ne a waƙa ta huɗu. Ga shi nan, mun zo da shi." Mai ganga ya aje sandunansa. Na sa makirufo ɗaya a gindin turmi, ɗaya a sama, na koma bayan mixer.

Dum, dum, tafi, dum.

Ba a yi bugu goma ba ɗakin ya yi tsit. Jita ta shiga. Ina kallon Graham, leɓensa na motsi, yana ƙirga. Ya sauke hannuwansa. Can wajen minti na biyu barkono ya fara tashi, na ga hancinsa ya yi ja, ya yi ƙoƙari ya danne, ya kasa. Tsh! Kuma wallahi a kan bugu na huɗu ta faɗa, daidai inda take a faifai. Ya tsaya da hannu a hanci, ido a buɗe. Pete ya nuna kansa da yatsa daga kan dandamali, ya rusuna. Daga nan sahun gaba duka suka kama, aka ƙarasa waƙar ana atishawa ana dariya. Uwa da 'ya kuwa ba su kuskure bugu ɗaya ba.

Da aka tashi Graham ya zo wurina yana share ido. Ya ce ya yi kuskure a kan waƙa ta huɗu, zai rubuta haka, amma synth ɗin waƙa ta bakwai har yanzu shara ne. Na ce wannan ra'ayinsa ne, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Sai ya juya ga Ladi ya ce don Allah ta tambayi mahaifiyarta me take sawa a kunne da ke riƙe mata lokaci, don ya duba bai ga waya ba.

Maman Ladi tana kwashe yaji a roba, ba ta ɗago ba.

"Ki ce masa in na makara, taɓaryarki a hannuna za ta sauka. In na yi sauri, tawa a naki. Shi ne abin da ke kunnena." Ta miƙa masa robar. "Ki ce ya riƙa sawa a ƙwai. Kaɗan-kaɗan, na ga ba shi da ƙarfi."

Mai kamfanin bai yi sanarwar ba. Na haɗa musu album na uku da na huɗu. Studio ɗin dai council ta rufe shi bayan shekara guda, an mayar da shi flat-flat, na koma aiki a wani wuri kusa da docks, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Matan zumunta sun yi magana, mako uku ma ba biyu ba, sannan biyu daga cikinsu suka tambaye ni ko akwai wuri a mota ranar Talata.

To, kai mai album a ƙarshen mako, na ji ka ce kana so in nuna maka yadda ake sampling. Zan nuna maka. Ga waya can a ƙasa, ta harɗe. Fara naɗewa.